Tsohon Honda CG125 na gado: a gyara kafiretar asali ko a ɗaura sabuwa da buɗaɗɗen iya kilina?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Na karanta tambayarka, kace ka gaji Honda CG125 nasa wanda ya daɗe a jingine a zaure, kana so ka tashe shi ya dawo yadda yake a da, kafireta tana yoyon mai, soson iya kilina, wato matatar iska, ya rududduge, kuma an baka shawara ka sayi babbar kafireta PZ30 ka cire akwatin iskar gaba ɗaya ka ɗaura irin ƙaramin filtan nan mai kamar mazurari wai babur zai fi numfashi ya fi gudu. Toh ni dai amsata a taƙaice ita ce kar ka cire akwatin nan, kuma kar ka ƙara girman kafireta. Amma bari in yi maka bayani dalla dalla dan kar ya zama na ce ne kawai ka bi, gara ka gane dalilin da kanka yadda ko wani ya zo da wata magana gobe zaka iya auna ta.

Da farko ka san wane irin babur ne a hannunka. CG125 ya fito ne a 1975, kuma asalin ƙera shi ma saboda irin yanayinmu ne, domin a 1974 Honda ta tura injiniyoyinta biyu suka zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan dan su ga me yasa baburansu masu kam, wato ƙarfen da yake buɗe bawul, a saman inji suke saurin lalacewa a can, sai suka tarar mutane basa canja baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, filtan takarda kuma ƙura ta toshe shi ya daskare kamar bangon ƙasa, ga lodi fiye da ƙima. Shine suka dawo suka zana inji mai sandunan tura bawul wanda zai jure wahala, suka kuma sa masa filtan soso wanda ake wankewa a shafa mai a mayar maimakon na takarda. Kaga kenan akwatin nan da sosonsa da ake ce maka ka jefar ba ado bane, yana cikin manyan dalilan da suka sa aka yi babur ɗin tun farko, kuma yana cikin abin da ya sa na Baba ya kawo yau da injinsa.

Yi wannan lissafin da kanka. Injin 125cc ne mai bugu huɗu, wato duk juyi biyu yana shaƙar iska sau ɗaya. Idan yana juyi 6000 a minti, ya shaƙa sau 3000 kenan, ka ninka da 125cc zai baka lita 375 a minti ɗaya a lissafin takarda, a zahiri yana ɗan gaza haka amma ba da nisa sosai ba, a awa guda kana maganar wajen lita dubu ashirin na iska. Yanzu ka tuna yadda garinmu yake daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, hazon da ko mota ka wanke da safe kafin azahar zaka iya rubuta sunanka a gilashi, ka ƙara da hanyar burji da bin bayan tifa. Duk ƙurar nan in ba'a tare ta ba cikin silinda take shiga ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa mai ruwa, ta ci ringi, ta ci bangon bulo, ta ci bakin bawul ɗin shiga. Filtan mazurarin nan mai araha da ake sayarwa raga ce kawai ta ƙarfe ko siririn ƙyalle, tsakuwa da ƙwari zai tare amma ƙurar hunturu wucewa take kamar babu komai a wurin. Na sha kwance injin da aka sa wa irinsa, abin da nake fara yi shine in zura yatsa cikin maƙogwaron kafireta ta ɓangaren inji, in naji gurus gurus a yatsana to na riga na san me zan tarar a ciki. Akwai wani yaro da ya kawo min nasa bai daɗe da yin borin ba yana hayaƙi shuɗi, wallahi abin ya bani tausayi saboda kuɗin da ya kashe, kuma ba fistin ɗin bane mara kyau, ƙura ce.

Bayan ƙura akwai damina, buɗaɗɗen filta yana nan a fili a bayan inji, ruwan sama da feshin taya na baya duk a kansa, da ya jiƙe babur ya fara tari ya mutu a tsakiyar hanya. Sannan akwai abin da mutane basa lura da shi, akwatin iska yana kwantar da iskar ne kafin ta isa kafireta, ta shigo a natse da ɗan turjiya wadda da ita aka auna jet ɗin, wato ƴan ƙofofin da mai yake bi a cikin kafireta, tun daga kamfani. In ka cire shi turjiyar ta ragu, zuƙar da ake yi wa mai ta jet tayi rauni, mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, inji ya riƙa zafi fiye da ƙima, kuma namu inji iska ce kaɗai ke sanyaya shi babu lagireto, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ake haura digiri 40 wannan ba ƙaramin abu bane. Ƙarar shaƙar iska da ake ji fuuu ɗin nan ita ke sa mutum ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru, kunne ne yake jin gudun amma agogon gudu yana nan inda yake, wani lokacin ma ya ragu.

Dan haka akwatin in yana nan ka gyara shi. In ya tsage a like ko a yi masa walda gwargwadon abin da aka yi shi da shi, in ya ɓata gaba ɗaya ka zaga wajen masu tsofaffin kayan babur, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma sa'ar da ka yi ita ce injin CG shine wanda kamfanonin Chaina suka fi kwaikwaya, saboda haka akwai akwatuna da robobi na 'yan kwaikwayon da suke zama da ɗan gyara kaɗan, ka tafi da tsohon a hannu ka gwada kar ka saya da ka. Robar da ta haɗa akwatin da bakin kafireta ita ce tafi muhimmanci, shekaru sukan sa ta bushe ta ƙanƙance ta tsage ta ƙasa inda ido baya gani, in tana da ko ƙaramar tsaga ce to duk wahalar soson banza ce tunda ƙura ta samu ƙofar baya. Soson kuma tsohon da ya rududduge ka kwashe shi tas ka wanke akwatin kafin ka buga kik ko sau ɗaya, in ba haka ba inji zai zuƙe ɓurɓushin. Kar ka yarda a yanko maka soson katifa, ba irinsu ɗaya ba, fetur da mai suna cinye shi kuma ramukansa ba'a yi su dan iska ta ratsa ba. Ka samu soson filta na gaske, ka jiƙa shi da man giya mai lamba 80 ko 90, in babu ka sa baƙin mai mai tsabta, ka matse shi a tafin hannu har ya daina ɗiga, matsewa ba murɗawa ba dan murɗawa tana yaga shi. Man nan shine yake kama ƙurar, busasshen soso rabin aiki ma baya yi. Ka ɗan shafa giris a gefen da yake zama ya manne. Lokacin hunturu ni nakan ce a duba duk sati biyu, a wanke da kalanzir a bari ya bushe a sake shafa mai.

Toh mu dawo kan kafireta. Ta asali Keihin ce ta Japan, kuma indai jikinta bai mutu ba ni a wurina ba wata sabuwa a kasuwa da zan musanya da ita. Yoyon mai ba mutuwa bane, yawanci ƴar allurar fulot ce, wato mai tsayar da mai in kofin ƙasan kafireta ya cika, bakinta ya cinye ko datti ya tokare ta, ko fulot ɗin ya huje ya sha mai ya nutse, ko gasket ɗin kofi ya bushe, wani lokacin kuma siririn bututun tagullar nan na cikin kofi mai zubar da rarar mai shine ya tsage a tsaye, wannan kam yana wahalar da makanikai da yawa dan sai a canja allura sau uku yoyo bai tsaya ba. Ka cire kofin ka cika shi da fetur a hannu ka riƙe, in yana ɗiga ta ƙasa tun mai bai kai bakin bututun ba to ka kama ɓarawon, ana iya like shi da dalma.

Abin da zai nuna maka ko ta mutu shine silaid, wato gwangwanin nan da wayar totur take ɗagawa. Ka ɗaga shi kaɗan ka girgiza da yatsa gaba da baya, in yana ƙwas ƙwas sosai a cikin ramin to jikin ya cinye, iska zata riƙa satar hanya ta gefe, kuma irin wannan duk gwanintar mai saiti silo, wato juyin inji in an saki totur, bazai taɓa zama ba, yanzu ya hau yanzu ya sauka. Sai ka duba inda take ɗaurewa a jikin inji ko an taɓa ɗaure ta da ƙarfi har fuskar ta lanƙwashe, wannan ana gyarawa, a shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi a goga a hankali har ta daidaita. Sai zaren sukurori ko sun lalace. In waɗannan lafiya to wanki kawai take so. Ka kwance ta tas, duk wani abu na roba ka ware shi gefe, ka jiƙa ƙarfen, ka hura kowace ƙofa da iskar kwamfuresa ka tabbatar ta fita ta ɗaya ɓangaren. Silo jet raminsa bai kai rabin milimita ba, shine yake fara toshewa in babur ya daɗe a ajiye dan tsohon fetur yana bushewa ya zama kamar ƙaro, shi yasa zaka ga babur yana tashi da cok amma da ka sauke cok ya mutu. Roƙona gareka kar a zura masa allurar ɗinki ko wayar birki, tagulla ce mai laushi, da ka buɗa ramin ko kaɗan ka canja lambarsa har abada. Silin waya guda na jan ƙarfe mai laushi ko gashin buroshi ya isa, sannan ka ɗaga shi a rana ka ga haske zagaye.

Akwai kit na gyara da ake sayarwa a leda, gasket da zoben roba da allurar fulot da jet jet da doguwar allurar jikin silaid. Shawarata ka ɗauki gasket da zoben roba da allurar fulot a ciki, amma jet da doguwar allura ka mayar da na asali in basu lalace ba, saboda na cikin kit masu araha sau da yawa lambar da aka rubuta daban ramin daban, doguwar allurar ma siffar siranta ta bata zama ɗaya da ta asali, kuma wannan ɗan bambancin da ido baya gani shi ke sa babur ya riƙa shan mai ko yana shaƙewa a tsakiyar totur.

Idan kuwa ta mutu da gaske, zaɓi na biyu ka nemo wata Keihin ta hannu irinta. Na uku shine PZ26, ita ce kwaikwayon da aka yi wa injin CG na 125, tana zama a kan kusoshi biyun nan ba tare da dabara ba kuma robar akwati tana kama bakinta. Ba laifi bane sa ta, akwai masu kyau a cikinsu da suke aiki shekaru, sai dai ka sani ba duk wadda aka buga wa suna Keihin a jiki bace Keihin, ka duba nauyinta da santsin cikin maƙogwaro, ka ga ko jet ɗin suna da lamba, ka gwada silaid kamar yadda na faɗa, kuma ko sabuwa ce fil ka buɗe ta ka wanke dan akan samu ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Ka lura da cok, akwai na hannu a jikinta akwai na waya, ka ɗauki irin na babur ɗinka. Wayar totur ma wani lokacin tsawonta baya zuwa daidai, bayan ka ɗaura ka juya kan babur dama da hagu inji yana silo, in ƙara ta canja to waya tana ja, kar ka hau titi a haka. Tsohuwar ta Baba kuma ko ta mutu ka nannaɗe ta ka adana, ranar da za'a kimanta babur ɗin kayan asali suna da daraja.

Ita PZ30 da aka ce ka saya ta injin 200 zuwa 250 ce. Kafireta ba famfo bace da zata tura mai, gudun iskar da take ratsa maƙogwaro shine yake zuƙo man daga kofi, kamar yadda in ka matse bakin tiyo ruwa yake ƙara gudu. Ƙaramin inji mai ƙarfin doki 11 ko kusa da haka in ka bashi faffaɗan maƙogwaro iskar sai ta riƙa tafiya a sanyaye, zuƙa ta yi rauni, man ya fito guda guda bai farfashe ba, da ka murɗa totur daga ƙasa sai yayi boo kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Kuma ko a sama ba wata riba dan bawul da ramin kan injin suna nan yadda suke, su ne iyakar abin da zai shiga. Mikuni VM22 kafireta ce mai kyau in ka samu ta gaske, kuma jet ɗinta suna samuwa lamba lamba, amma sai anyi dabarar ɗaurawa da ta roba, ga jabunta sun yi yawa, kuma lambobin jet na Mikuni da na Keihin ba ma'auni ɗaya bane, kar wani ya ce maka 100 a can 100 ne a nan. Ga wanda yake son babur ya koma kamanninsa na asali ban ga abin da zata ƙara maka ba.

Kafin ka taɓa saiti ko ɗaya, ka tabbatar sauran abubuwa suna daidai dan laifin da ake ɗora wa kafireta da yawa ba nata bane. Bawul na CG ana saita su a 0.08mm inji yana sanyi, shiga da fita. Filogi NGK D8EA ka bashi tazara 0.6 zuwa 0.7mm. In naka na farkon nan ne mai kontak da kwandansa ka tabbatar wuta tana zuwa a kan lokaci. Tanki kuwa tunda ya daɗe a jingine tabbas akwai tsatsa, ka wanke shi sosai ka wanke makunnin mai da ragarsa ka sa ƙaramin filta a tiyo, musamman in kana ɗan shan na 'yan bumburutu a kwalba, in ba haka ba kafiretar da ka wanke yau jibi ta sake toshewa. Tsakanin kafireta da kan inji akwai baƙin faifan nan mai hana zafi wucewa da zoben roba, ka sa sabon zobe, in iska tana shiga ta nan zaka ga in ka saki totur ƙara tana daɗewa a sama kafin ta sauko.

Saiti kuma da akwati da soso a ɗaure ake yi, inji ya yi zafi, ba'a saitawa baki buɗe sannan a rufe. Ƙaramin sukurun silo ka murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kar ka danne, ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu ka fara daga nan. In sukurun yana ɓangaren inji kamar na yawancin CG to na mai ne, fito da shi ƙara mai ne, in yana ɓangaren filta na iska ne, fito da shi rage mai ne. Ka riƙa juyawa kwata kwata kana jira kana saurare har inda ƙarar tafi tashi tafi santsi, sannan ka sauko da silo da babban sukuru zuwa wajen juyi 1400. In sai ka fito da shi fiye da juyi uku kafin ya gyaru to silo jet ɗin ne bai wanku ba ko yayi ƙanƙanta. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na totur aikin doguwar allura ne, in tana da tsagi biyar ka fara da sa kilif, wato ɗan zoben da yake riƙe ta, a na tsakiya, sauko da kilif ƙasa yana ɗaga allura ya ƙara mai, mutane da yawa suna juya wannan a kansu. Daga nan zuwa ƙarshe aikin men jet ne, wato babban jet. Gwaji mai sauƙi, a hanya mai kyau da babu cunkoso ka buɗe totur duka a giyar ƙarshe sannan ka ɗan sassauta kaɗan, in kaji ya ƙara ja to men jet yayi ƙanƙanta. In kuma yana burbur yana hayaƙi baƙi, filogi ya fito da baƙin toka busasshe, to mai yayi yawa. Abin da ake nema a bakin filogi kalar ƙasa ƙasa ce kamar shayi da madara, fari tas haɗari ne. Abu ɗaya zaka riƙa canjawa a lokaci guda ka rubuta a takarda, kuma in zaka yi kuskure gara ya zama wajen mai ya ɗan fi yawa.

Baka faɗi garin da kake ba, yana da tasiri. Kano bata kai mita 500 daga teku ba, Jos kuwa wajen mita 1200 take, iskar can tafi ta Kano sirantaka, dan haka babur ɗin da aka saita a Kano in ya hau Filato zai ɗan yi nauyin mai, mazaunin can yana iya sauko da men jet mataki ɗaya, amma in ziyara ce kawai ka bar shi yadda yake.

Tunda nasan masu wasu tsofaffin baburan zasu karanta, mai CD175 da yake sha'awar kafireta biyu irin na CB175, ba maganar ɗaura kafireta bace kawai, kan injin an yi shi ne dan guda ɗaya, kuma guda ɗayan nan ita ta sa yake da sauƙin riƙo. Masu CB350 kafiretarsu mai tantanin roba ce da zuƙar iska take ɗaga silaid, ita tafi kowace ƙin buɗaɗɗen filta. Masu bugu biyu irin Suzuki A100 kuwa nasu yafi tsanani, dan iskar sai ta bi ta cikin kirankes ta ratsa boris kafin ta hau sama, ga kafiretar a ɓoye cikin murfin gefen inji, in murfin ko robobinsa basu rufe ruf ba ƙura kai tsaye take sha, kuma in mai yayi kaɗan fistin kamawa yake.

Kai dai ka fara da gwajin silaid da na kofin nan, aikin minti goma ne, ka zura yatsa a maƙogwaron ta ɓangaren inji ka ji ko akwai yashi. Ka faɗa min abin da ka gani da lambar da aka buga a gefen kafiretar da lambobin jet ɗin biyu, daga nan zan iya ce maka ga takamaiman abin da zaka saya. Allah ya bada sa'a, ya kai ladan ga Baba.